Ƙaramin Harafi a Úbeda

Daren Talata, a ɗakin bayan laburaren unguwa,
hannuwanmu na warin zaitun da baƙin mai,
Doña Eulalia ta ɗauki alli
ta ɗiga harafi guda a allo,
bai fi ƙwayar gero ba:
a.

Na yi murmushi. Ai wannan ɗan gidanmu ne.
A kasuwa, a gona, a bakin rijiya,
inda duk aka ajiye shi nan yake wuni.
Ta girgiza kai. Namu ba ya zama, in ji ta,
kullum ƙafarsa na kan hanya.
Voy a Jaén, za ni Jaén.
In zama kake so, ka nemi en.
Ashe harafi ma in ya haye teku
sai ya sake sana'a.

Na agogo bai ba ni wahala ba.
A las seis, ƙarfe shida,
motar Baldomero ce ta koya mini shi
da odarta, cikin sanyin da ke cizon kunne.

Sai ga wanda ya ɗaure mini kai.
Veo la mesa, ina ganin tebur, ba komai a tsakani.
Veo a Pilar, ina ganin Pilar,
ga shi ya tsuguno a gaban sunanta.
Na ce, na mene ne?
Ta cire tabarau, ta goge da bakin gyale.
Mutum ce, ta ce. Tebur kana iya faɗa masa kai tsaye.
Na rubuta a gefen littafina:
sallama kafin shiga.

Driss, mai zama kusa da hita, ya ɗaga hannu.
To, kare fa?
Ya danganta da karen wa.
Na bola ba shi da rabo.
Tata karyar, Canela, mai ɗingishi da ido ɗaya,
ba ta taɓa kiran sunanta ba tare da shi ba.
Muka yi dariya har maigadi ya leƙo.

Da safe a ƙofar matatsar mai
na tsaya ina haɗa baƙi a jikin wata takarda:
Se necesitan jornaleros.
Ana buƙatar 'yan ƙwadago.
Na duba gaba, na duba baya, babu shi.
Na riƙe tambayar mako guda kamar tsakuwa a takalmi.
Malama, mu ba mutane ba ne?

Ta daɗe tana juya allin.
In kowa ma zai yi, ta ce, harafin faɗuwa yake.
Busco un médico, kowane likita.
Busco al médico, wancan da na san fuskarsa.
Nahawu ne kawai, Tanimu.
Amma ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Cikin Janairu zazzaɓi ya kayar da ni.
Kwana huɗu ina ƙirga tsagar silin,
Baldomero ya cike gurbina tun rana ta biyu,
ban ga laifinsa ba, zaitun ba ya jira.
Ran na biyar na ji takun sanda a matakala,
da ƙarar farcen kare a kan siminti,
da murya tana haki, tana ce wa mai gidan haya:
Busco a Tanimu.
Ta zo da romon kaza a kwalbar zuma.
Gishirin ya yi yawa. Na shanye.

Har yau ina kuskure.
Akwai wata tsohuwar bishiya a ƙarshen layi na tara,
gindinta a murɗe kamar hannun kakata,
shekara uku ina karkaɗe ta.
A jarrabawa na sa mata a.
Doña Eulalia ta kewaye shi da jan biro,
ta rage mini rabin maki.
Ban gyara ba.